Amy Johnson: Matar Da Ta Tuƙa Jirgin Sama Ita Kaɗai Daga Landan Zuwa Darwin

Yau da ɗan lissafi za mu fara, irin wanda 'yan aji shida ke yi a allo, don haka 'yan makaranta ku jawo fensir kusa. Daga birnin Landan na ƙasar Ingila zuwa garin Darwin da ke arewacin ƙasar Ostareliya, in an miƙe sak ba a ratse ba, akwai kimanin mil 8,600. Babban jirgin fasinja na zamani kuwa ya kan ci wajen mil 550 cikin awa guda. In kun raba nisan da gudun, za ku sami awa 16 ba kaɗan. Haka abin ya ke kuwa, gama cikin 2021, lokacin da kamfanin Qantas ya riƙa jigilar mutane tsakanin garuruwan nan biyu ba tare da an sauka ko'ina ba, awa 16 zuwa 17 a kan yi a sama. Mutum ya ci abinci, ya yi barci, ya farka ya ga an kusa isa.

To, cikin 1930 wata budurwa 'yar shekara 26 ta yi wannan tafiya ita kaɗai tilo, cikin wani ɗan jirgi na katako da ƙyalle. Ita kam mil 11,000 ta yi, kuma sai da ta yi kwana 19 da rabi a hanya. Sunanta Amy Johnson, ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin sama ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya. Yaya aka yi hanyarta ta ƙaru da mil 2,400? Me kuma ya cinye mata kwanakin nan duka? Amsar tana cikin labarin rayuwarta, sai ku biyo ni a hankali.

Asalinta

An haifi Amy ran 1 ga watan Yuli 1903 a Hull, wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewa maso gabashin Ingila, wanda ya yi suna wajen kamun kifi. Mahaifinta, John William Johnson, attajiri ne mai fataucin kifi. 'Ya'ya huɗu gare shi, duk mata, Amy ce babbarsu. Ya sa ta makaranta har ta gama sakandare, ta wuce Jami'ar Sheffield, inda ta sami digiri a fannin tattalin arziki cikin 1925. A zamanin nan, ko a Ingila ma, mata masu digiri ba su da yawa.

Amma fa digirin bai buɗe mata ƙofa nan da nan ba. Ta yi 'yan ayyukan ofis a garinsu waɗanda ba su yi mata daɗi ba, sa'an nan ta koma Landan cikin 1927. Ta taɓa aikin kanti, daga baya ta sami aikin buga tafireta a ofishin wani lauya. A lokacin akwai wani saurayi, mutumin ƙasar Suwizalan, wanda ta yi shekaru tana sa ran zai aure ta. Cikin 1928 ya auri wata. Waɗanda suka taɓa ɗanɗana irin wannan ɗaci cikinku sun san ba ƙaramin abu ba ne.

Ana cikin haka sai ta ji labarin wata ƙungiya da ke koyar da tuƙin jirgin sama a filin jirage na Stag Lane, can arewacin Landan, a kan sule 30 kowace awa. Kuɗi ne masu nauyi ga mai albashin akawu, amma ta riƙa tsimi tana biya. Ta fara ɗaukar darasi cikin watan Satumba 1928.

Yadda ta koyi tuƙi da makanikanci

Kada ku zaci tana hawa ta iya. Amy ba ta cikin masu saurin koyo, saukar da jirgi ma ya daɗe yana ba ta wuya. Sai da ta yi kusan awa 16 tare da malami kafin a bar ta ta tashi ita kaɗai, alhali kuwa akwai waɗanda rabin haka ke isarsu. Duk da haka ta dage, ta sami lasin na tuƙi cikin watan Yuli 1929. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya bambanta ta da sauran 'yan ƙungiyar shi ne, ba ta tsaya ga tuƙi kaɗai ba. In an sauko, sai ta nufi rumfar da makanikai ke aiki, ta tsaya tana kallo tana tambaya. Babban makanikin wurin, Jack Humphreys, ya ga da gaske ta ke, ya yarda ya koya mata. Ta sa kayan aiki irin na maza, ta riƙa share rumfa, da wanke fulogi, da kwance inji tana mayarwa, hannunta baƙi ƙirin da mai. Makanikan har suka laƙaba mata sunan maza, Johnnie. Daga baya ta bar aikin ofis ɗungum, mahaifinta ya ɗauki nauyinta. Cikin watan Disamba 1929 ta ci jarrabawa, ta zama mace ta farko da hukumar jiragen sama ta Ingila ta ba takardar shaidar makanikancin jirgin sama. Ku riƙe wannan magana da kyau, za ku ga amfaninta nan gaba.

Shirin tafiya

Ga lasin ga takardar makanikanci, amma ba kamfanin da ke ɗaukar mace aikin tuƙi. Sai Amy ta ƙudura za ta yi abin da dole a san da ita. A lokacin kuwa babu abin da ke jan hankalin Turawa kamar rage kwanakin tafiya tsakanin Ingila da Ostareliya. Jirgin ruwa ya kan yi fiye da wata guda. Cikin 1919 wasu 'yan'uwa biyu, Ross Smith da Keith Smith, tare da makanikansu biyu, suka fara yin tafiyar ta sama cikin kwana 28. Cikin 1928 wani mutumin Ostareliya mai suna Bert Hinkler ya yi ta shi kaɗai cikin kwana 15 da rabi. Shi Amy ta ɗaura niyyar kayarwa.

Ta rubuta wasiƙu birjik tana neman taimakon kuɗi, akasari ba a ko kula ta ba. Daga ƙarshe shugaban hukumar jiragen farar hula, Sir Sefton Brancker, ya haɗa ta da wani attajirin mai, Lord Wakefield. Shi da mahaifinta suka haɗa kuɗi, aka saya mata jirgi na hannu, ƙirar Gipsy Moth, a kan fam 600. Aka yi masa fenti kore, ta sa masa suna Jason, watau sunan tambarin da ke jikin kayan kifin mahaifinta.

Bari in kwatanta muku jirgin. Fukafukansa hawa biyu ne, sama da ƙasa, na katako ne aka lulluɓe da ƙyalle mai ƙarfi. Inji ɗaya gare shi. Mazaunin matuƙi a buɗe ya ke, ba rufi, iska da ruwa da rana duk a kanta. Babu rediyo da za ta kira wani in ta ɓace. Abin da ta ke da shi na gane hanya shi ne kamfas, da taswira, da idonta. Gudunsa wajen mil 80 ne cikin awa. An ƙara masa tankuna har yana ɗaukar fetur galan 80, wanda zai riƙe shi kimanin awa 13 a sama, kuma da hannu ta kan buga famfo don man ya hau tankin da ke shayar da injin. Ta ɗaure wata farfela ta ko-ta-kwana a gefen jirgin, ta cika kujerar gaba da kayan gyara.

A nan amsar tambayarmu ta farko ta ke. Jirgin da ke gudun mil 80 na tsawon awa 13, mil dubu da 'yan kai kaɗai zai iya yi kafin mai ya ƙare. Don haka ba shi yiwuwa ta miƙe sak. Dole ta bi garuruwan da ke da filin sauka da fetur, ɗaya bayan ɗaya, ta kuma kauce wa manyan tekuna iyakar iyawarta. Wannan zagaye shi ya mai da mil 8,600 ya zama 11,000. Don ku gane yawansa, hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano wajen mil 700 ce, kun ga kamar a yi ta kusan sau 16 ke nan.

In kuma kun raba 11,000 da 80, za ku sami awa 137 da rabi, watau ko kwana shida bai cika ba. Ashe ke nan fiye da kwana 13 na tafiyarta a ƙasa suka ƙare. Dare ya ci rabonsa, gama da rana ta ke tafiya don ta ga ƙasa. Sauran kuwa gyara da mugun yanayi suka cinye, kamar yadda za ku ji.

Kwana 19 da rabi

Ran 5 ga watan Mayu 1930 da safe ta tashi daga filin jirage na Croydon a kudancin Landan. 'Yan rakiya kaɗan ne, cikinsu har da mahaifinta. Kafin wannan rana, tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce daga Landan zuwa garinsu Hull, wajen mil 150. Ko ɗan tekun da ya raba Ingila da Faransa ba ta taɓa ƙetarewa da jirgi ba.

Ranar farko ta yi kusan mil 800 cikin awa goma, ta sauka Biyana, babban birnin Ostiriya. Kashegari ta isa Istambul. Daga nan sai manyan duwatsun Taurus na ƙasar Turkiyya suka tare ta. Jirgin ya yi nauyi da mai, ya kasa hawa samansu, sai ta bi ta kwazazzabo tana bin hanyar jirgin ƙasa, ga gizagizai na rufe mata ido, har ta fita ta sauka Halab a ƙasar Sham.

Saura kaɗan ta isa Bagadaza guguwar rairayi ta taso, ta tilasta mata sauka a tsakiyar hamada. Ta fito ta rufe injin don kada yashi ya shiga, ta tokare tayoyi da akwatunanta don kada iska ta ja jirgin, ta zauna a kan wutsiyarsa da ƙaramar bindiga a hannu har guguwar ta lafa, sa'an nan ta tashi ta ƙarasa. Daga Bagadaza ta wuce Bandar Abbas a ƙasar Farisa, ran 10 ga wata ta sauka Karachi. Kwana shida ke nan, alhali Hinkler kwana takwas ya yi kafin ya kai nan. A ranar jaridun duniya suka farga da ita.

Kada ku ɗauka in ta sauka hutu ta ke yi. Duk inda ta sauka sai ta ɗauki sifana ta hau kan inji, ta duba fulogi, ta sake baƙin mai, ta tace fetur kafin a zuba. Wannan ya kan ci awoyi, sau da yawa barcin awa uku ko huɗu kaɗai ta kan samu kafin asuba. Da ba ta koyi makanikanci ba, da tilas ta jira wani ya yi mata a wuraren da ba kowa ya san injin ba.

A Indiya iska ta riƙa bugo ta ta gaba. Ga wani abu da ya kamata ku gane: jirgin sama da awa ya ke shan mai, ba da mil ba. In iska mai gudun mil 20 ta tare jirgin da ke gudun mil 80, to mil 60 kaɗai zai riƙa ci a kan ƙasa, amma man da zai sha bai ragu ba. Haka ya faru gare ta, mai ya yi ƙasa kafin ta kai Allahabad, ta sauka a filin faretin sojoji a garin Jhansi, jirgin ya bugi wani turke, fiffike ya lalace. Kafinta da tela na garin suka gyara shi, ta ci gaba zuwa Kalkata.

Daga nan ta shiga daminar ƙasar Burma, wadda yau a ke kira Myanmar, inda ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya. Tana neman filin sukuwa na birnin Rangun inda aka shirya za ta sauka, sai ta sauka a filin wasa na wata makarantar koyon sana'a a garin Insein. Filin ya yi kaɗan, jirgin ya faɗa rami, farfela ta karye, taya ta fashe, fiffike ya ragargaje. Ɗaliban makarantar da malamansu suka sassaƙa sababbin katako. Ƙyallen rufi kuwa, sai aka yayyanka riguna waɗanda tun asali da yadin jirgin sama aka ɗinka su, aka harhaɗa. Ta ɗaura farfelar da ta yi guzuri. Kwanakin da ta ɓata a nan su suka raba ta da begen kayar da Hinkler.

Duk da haka ba ta juya ba. Ta bi ta Bankok da Singora a ƙasar Siyam, wadda yau a ke kira Tailan, ta isa Singafo. A tsibirin Java ta sauka a wata gonar rake, tsinin gora ya huhhuda ƙyallen fiffike, aka liƙe hudojin da filasta irin ta ɗaurin ciwo. A tsibirin Timor magariba ta yi mata ba ta ga filin sauka ba, ta sauka a wani fage mai cike da suri, sai da mutanen ƙauye suka rurrushe surin kafin ta sami hanyar tashi.

Saura mataki na ƙarshe, shi ne kuwa mafi ban tsoro: tekun Timor, mil 500 na ruwa zalla, da inji ɗaya. Kamfanin mai na Shell ya tsai da wani jirgin ruwansa a tsakiyar hanya don ta gan shi ta san ba ta kauce ba. Ta gan shi kuwa. Ran 24 ga watan Mayu 1930 ta sauka Darwin. Ba ta kayar da Hinkler ba, ya fi ta da kwana huɗu, amma ta yi abin da wata mace ba ta taɓa yi ba.

Suna da nauyinsa

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sarkin Ingila George na Biyar ya ba ta lambar girma ta CBE, jaridar Daily Mail ta ba ta fam 10,000. Da ta koma Landan cikin watan Agusta, jama'a suka yi dafifi a tituna don su gan ta. Yaran birnin Sydney sun tara mata kuɗi, ita kuwa ta sayi kofin zinariya da su, ta ba garinsu Hull don a riƙa karrama yaron da ya nuna jaruntaka.

Sai dai suna yana da nasa nauyin. Aka yi ta yawo da ita gari gari tana jawabi, ba hutu, har jikinta ya gaza aka dakatar da rangadin. Ga shi kuma har yanzu aikin tuƙi na dindindin da ta ke nema bai samu ba. Hanyar samun kuɗinta ita ce ta sake yin wata tafiya mai haɗari da jaridu za su saya. Cikin watan Janairu 1931 ta nufi birnin Sin, hazo ya sa ta faɗi a ƙasar Polan. Cikin watan Yuli na shekarar, ita da malaminta Jack Humphreys suka tashi daga Ingila suka isa Mosko, mil 1,760, cikin kimanin awa 21. Su ne na farko da suka yi wannan tafiya cikin kwana guda. Daga nan suka ratsa ƙasar Rasha har Tokiyo cikin kwana goma.

Aurenta

Cikin watan Yuli 1932 ta auri Jim Mollison, mutumin Sikotilan, shi ma shahararren matuƙi ne. A farkon shekarar ya yi tafiya daga Ingila zuwa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, fiye da mil 6,000, cikin kwana 4 da awa 17, ba wanda ya taɓa yin saurin haka. Wata huɗu bayan bikinsu, amarya ta ɗauki nata jirgin ta bi sawunsa ita kaɗai. Ta yammacin Afirka ta biyo, ta ƙetare hamadar Sahara, ta sauka Gao a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau, ta wuce Duwala a Kamaru. Ta isa cikin kwana 4 da awa 6 da minti 54, watau ta fi maigidanta da awa goma. Yau jirgin fasinja wajen awa 12 ya kan yi tsakanin Landan da Cape Town.

Cikin watan Yuli 1933 su biyu suka tashi daga gaɓar tekun Wales za su New York ba tsayawa. Sun ƙetare tekun Atilantika lafiya, amma bayan awa 39 a sama mai ya kusa ƙarewa, saura kamar mil 60 su isa. Suka yi ƙoƙarin sauka da dare a garin Bridgeport, jirgin ya zarce fili ya kife a fadama, dukansu suka ji ciwo. Duk da haka mutanen New York suka yi musu gagarumar tarba, shugaban Amurka Roosevelt ma ya karɓi baƙuncinsu.

Cikin watan Oktoba 1934 aka yi babban tseren jirage daga Ingila zuwa Melbourne a Ostareliya. Amy da mijinta suka shiga da sabon jirgi mai inji biyu, suka isa Karachi cikin awa 22. Ku tuna shekara huɗu kafin nan kwana shida ta yi, har duniya na mamaki. Injinsu ya lalace a Indiya suka janye, waɗanda suka ci tseren kuwa sun isa Melbourne cikin awa 71. Kun ga nisan bai sake ba, injuna ne suka ƙara ƙarfi, tankuna suka ƙara girma, aka kuma iya tafiyar dare.

Cikin watan Mayu 1936 Amy ta sake zuwa Cape Town ita kaɗai cikin kwana 3 da awa 6 da minti 26, ta karɓo kambun da wani ya ƙwace. Wannan ce babbar tafiyarta ta ƙarshe. A shekarun nan kuma ita ce shugabar ƙungiyar mata injiniyoyi ta Ingila, tana ƙarfafa 'yan mata su shiga aikin injuna.

Gida kuwa bai zauna lafiya ba. Mijin mutum ne mai shan giya da neman mata, ga kuma su biyu suna neman suna a fage ɗaya. Auren ya mutu cikin 1938, ta koma amfani da sunan mahaifinta. Cikin 1939 ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani, tana ƙetarar da fasinja daga Portsmouth zuwa tsibirin Wight, tafiyar 'yan mintoci. Matar da ta yi mil 11,000 ita kaɗai ba ta raina wannan aiki ba, gama irinsa ta daɗe tana nema.

Tafiyar ƙarshe

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka kafa wata ƙungiya ta matuƙa farar hula, masu ɗauko jiragen soja daga masana'anta su kai su sansani. Aka buɗe sashen mata a ƙarƙashin Pauline Gower, Amy ta shiga cikin watan Mayu 1940. Da farko albashin matan bai kai na maza ba ko da ya ke aikinsu ɗaya, sai cikin 1943 aka daidaita. Ba sa amfani da rediyo, ƙa'idarsu ita ce su riƙa tafiya suna ganin ƙasa.

Ran 4 ga watan Janairu 1941 ta ɗauko wani jirgi ƙirar Oxford daga Prestwick a Sikotilan, ta kwana a Blackpool wurin ƙanwarta Molly. Kashegari, 5 ga wata, ta tashi za ta kai shi Kidlington kusa da birnin Oxford. Tafiyar wajen mil 150 ce, ta awa ɗaya da rabi, daidai da nisan nan na Landan zuwa Hull da ta fara da shi. Amma ranar hazo da gizagizai masu ƙanƙara sun rufe ƙasar. Bayanin da masu tarihi suka fi rinjaya a kai shi ne, ta hau saman gizagizai, ta rasa kafar da za ta ga ƙasa ta sauko, ta yi ta nema har mai ya ƙare.

Bayan wasu awoyi da tashinta, ma'aikatan wasu jiragen ruwa a bakin kogin Thames, inda ya ke shiga teku, suka ga laimar sauka tana saukowa, jirgi kuma ya faɗa ruwa. Wurin yana da nisan wajen mil 100 daga inda ta nufa. Wani jirgin ruwan soja mai suna Haslemere ya garzaya, aka jefa mata igiyoyi ba ta iya kamawa ba, ga sanyi ga igiyar ruwa. Kyaftin ɗin jirgin, Walter Fletcher, ya faɗa ruwan da kansa don ceto, sanyin ya yi masa illa, ya rasu a asibiti bayan 'yan kwanaki. Ba a ga gawar Amy ba, sai jakarta da wasu takardunta aka tsinta. Shekarunta 37.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, in kun lura, rayuwar matar nan duka a kan abu uku ta ke juyawa: nisan hanya, da gudun jirgi, da yawan man da ke tanki. A Jhansi da Bridgeport lissafin ya gaza da kaɗan, ta tsira. A kogin Thames ya gaza, ba ta tsira ba. Wannan ita ce gaskiyar aikin da ta zaɓa, ta kuwa san da haka tun ranar da ta tashi daga Croydon. Irin tafiye-tafiyen da ita da 'yan zamaninta suka yi su suka nuna inda ya kamata a gina filaye, a ajiye mai, a kafa rediyo da ofisoshin duba yanayi. Cikin 1935 aka fara ɗaukar fasinja a kai a kai daga Ingila zuwa Ostareliya cikin kwana 12 da rabi, aka yi ta ragewa har aka kai ga awoyin da muka fara da su.

Ku 'yan makaranta, Amy ba ta fi kowa hazaƙa a ajin tuƙi ba. Abin da ya kai ta Darwin shi ne ta iya raba nisa da gudu ta san lokacin da za ta isa, ta kuma iya gyara injinta da hannunta. Kada wadda ta ce muku lissafi da kimiyya na maza ne, kada kuma ku ji ƙyamar aikin da zai ɓata muku hannu.

Ku kuma iyaye, ku dubi mahaifin yarinyar nan. Mai sayar da kifi ne, bai san kome game da jirgin sama ba. Ya biya mata makaranta har jami'a, ya riƙe ta lokacin da ta bar albashi ta koma koyon sana'a, ya sa kuɗinsa a jirgin, ya kuma zo ya tsaya a fili ranar da za ta tashi. In 'yarku ta nuna ƙwazo a wani fanni, ko da ba ku saba ganin mata a cikinsa ba, ku tsaya ku saurare ta, ku kuma yi wa maigida magana da lalama ya tallafa.

Jirginta Jason yana nan rataye a gidan ajiye kayan kimiyya na Landan, akwai kuma gunkinta a garinsu Hull. Kafin mu rabu ga aikin gida: jirgi mai gudun mil 80 cikin awa zai ƙetare tekun Timor, mil 500. Awa nawa zai yi? In kuma iska mai gudun mil 20 ta tare shi ta gaba, awa nawa za su ƙaru? 'Yan mata ku yi, ku nuna wa iyayenku mata yadda kuka yi.